Yadda Ake Tsara Hoton Fuskar Waya da Kwamfuta Ya Zauna Daidai a Kowane Sikirin

Duk wanda ya taɓa ɗora hoton masuntan Argungu a fuskar wayarsa ya tarar an datse rabin gora, ko kan mai homa ya shige ƙarƙashin agogo, ya san ciwon da ake neman maganinsa a nan. Hoton lafiyarsa lau. An dai ɗinka riga ne ba a auna mai ita ba. Hoton bango, wanda matasa ke kira wolfefa, sai an auna sikirin tukuna sannan a sa masa almakashi.

Awo biyu da ake yawan gwamutsawa

Kowane sikirin ƙananan ɗigo ne jere a layi, ana kiran kowane ɗaya fiksel. Idan aka ce waya tana da 1080×2400, ana nufin ɗigo 1080 a faɗi, 2400 a tsawo. Wannan shi ne yawan ɗigo, shi ke sa hoto ya fito tas ko ya yi dishi-dishi. Awo na biyu shi ne siffa, wato yadda tsawo ya danganta da faɗi: 20:9, 16:9, 4:3 da sauransu. Siffa ce ke yanke hukuncin abin da za a datse. Mafi yawan hotunan da suka lalace a fuskar waya siffa ce ta kashe su, yawan ɗigo bai da laifi.

Ga lissafin a fili. Ɗauki hoton kwamfuta mai 1920×1080 ka ɗora a waya mai 1080×2400. Dole wayar ta buɗa shi har tsawonsa ya kai 2400, wato ninki biyu da ɗoriya. Faɗinsa ya koma kusan 4267, alhali wayar 1080 kawai za ta nuna. Kashi uku cikin huɗu na hoton ya tafi, ragowar kuma ya yi laushi saboda buɗawa. Ko hoton da aka yi don waya, idan tsohon awo ne na 1080×1920, sabuwar waya doguwa za ta ci fiksel 108 daga dama, 108 daga hagu. Rubutun da aka kai har baki shi ke fara rasa haruffa.

Wani abu da ke ɓata wa masu aikin ɗab'i lokaci shi ne lambar DPI, wato yawan ɗigo a kowane inci idan an buga a takarda. Wanda ya saba buga kalanda da katin biki ya san sai 300. A sikirin wannan lamba ba ta aikin komai. Hoto mai 1080×2400 iri ɗaya yake fitowa a waya ko an rubuta masa 72 ko 300. Yawan fiksel kaɗai ake dubawa, don haka tun wajen buɗe sabon shafi ka mayar da ma'auni fiksel, ka bar inci da santimita.

Gano awon sikirin

Hanya mafi sauƙi a waya: ɗauki hoton sikirin, ka buɗe shi a ma'ajiyar hotuna, ka duba bayanansa. Lambobin da ka gani su ne awon fuskar wayar. Wasu manyan wayoyi, irin na Samsung, ke iya ruɗa mutum, domin suna da zaɓin rage yawan ɗigo don tattalin batir, sai hoton sikirin ya fito ƙasa da ainihin awon. A kwamfuta mai Windows, shiga Settings, sai System, sai Display, ka ɗauki lambar da aka yi wa alamar Recommended.

Awon da aka fi cin karo da su a hannun jama'a daga Birnin Kebbi zuwa Jega da Yawuri:

- Tecno, Infinix da itel masu sauƙin kuɗi: yawanci 720×1600, 720×1612 ko 720×1640. Wasu tsofaffin itel 480×854 ko 480×960.
- Wayoyin tsaka-tsaki, har da yawancin Redmi Note da Galaxy A na sama: 1080×2400 ko 1080×2340.
- Galaxy S23 Ultra 1440×3088, S24 Ultra 1440×3120.
- iPhone 11 tana da 828×1792; iPhone 12, 13 da 14 suna da 1170×2532; iPhone 15 tana da 1179×2556; 15 Pro Max kuma 1290×2796.
- Laftof na hannu, irin HP da Dell da suka cika kasuwa: 1366×768 ko 1920×1080. Sababbi da dama sun koma 1920×1200, wato 16:10. MacBook Air mai M1 tana da 2560×1600.
- Manyan allunan tebur da talabijin: 1920×1080, 2560×1440, da 3840×2160 da ake kira 4K.
- Ƙaramar waya mai madannai: 240×320, wasu 128×160.

Ba sai ka haddace su ba. Abin lura shi ne wayoyin yanzu kusan duk suna tsakanin 19.5:9 da 20.5:9, kwamfutoci kuma tsakanin 16:9 da 16:10. Gida biyu ke nan, kuma kowane gida uwa ɗaya ta ishe shi, wato babban zane ɗaya da za a riƙa fitar da sauran awo daga cikinsa.

Uwar zane

Kada ka fara da ƙaramin awo kana fatan buɗawa daga baya. Rage hoto ba ya cutar da shi, buɗa shi ne ke cinye shi, domin manhaja ba ta da inda za ta samo ɗigon da babu, sai dai ta yi kame-kame.

Don waya, buɗe shafi mai 1440×3200. An zaɓi wannan awo ne saboda yana raguwa cif: kashi 75 cikin ɗari ya ba ka 1080×2400, rabi ya ba ka 720×1600, ba tare da an datse komai ba. Don waya mai 19.5:9 za ka cire fiksel 40 a sama da 40 a ƙasa. Mai 720×1640 za ta ci kusan fiksel 18 a kowane gefe. Tsohuwar waya mai 16:9 ita ce mai yawan ci: fiksel 320 a sama, 320 a ƙasa. Saboda haka ja layukan jagora, ka tsare duk abin da ba ka son rasawa a cikin tsakiyar 1150×2560. Abin da ke wajen wannan da'ira ya zama sararin sama, ruwa, yashi ko launi kawai, abin da ko an datse ba wanda zai yi kewarsa.

Don kwamfuta, buɗe 3840×2160. Rabinsa 1920×1080 ne, kashi biyu cikin uku 2560×1440. Na 1366×768 ba 16:9 ba ne cif, amma bambancin bai kai fiksel ɗaya ba, kada ya dame ka. Sikirin mai 16:10 zai ci fiksel 192 a kowane gefe, ya bar 3456×2160. Tsohon allo mai 4:3, irin wanda har yanzu ake gani a wasu ofisoshi da shagunan buga takardu, zai ci 480 a kowane gefe. Dogon allo mai 3440×1440 shi kuma ta sama da ƙasa yake ci, kusan 276 kowanne. Idan alluna biyu ne masu 1920×1080 a jere, awon 3840×1080 ne, kuma kada ka sa fuska ko rubutu a tsakiya, nan ne bakin allunan zai raba shi biyu.

Tablet tana juyawa, yanzu a tsaye, anjima a kwance, hoton kuma ɗaya ne. Maganinta murabba'i: tsawo da faɗi su zama daidai da gefen da ya fi tsawo. Ga babbar iPad Pro mai 2732×2048, yi 2732×2732, ka tara muhimmin abu a tsakiyar 2048×2048.

A kowace uwa, raba kayan aiki hawa-hawa: bango daban, jigon hoton daban, rubutu daban, inuwa daban. A Photoshop, Photopea, GIMP da PixelLab duk ana iya haka. Amfaninsa yana fitowa ranar da aka ce a mayar da zanen waya na kwamfuta. Idan kwale-kwalen Yawuri yana hawansa shi kaɗai, sai ka ja shi gefe ka faɗaɗa ruwan. Idan ka riga ka manne komai wuri ɗaya, aiki ya koma farko. Adana uwar a tsarinta na asali, PSD na Photoshop ko XCF na GIMP, kada ka taɓa fitar da ƙaramin awo daga wani ƙaramin awo.

Tambari, dagin Arewa, zanen hula da duk abin da layi ne da launi, zana su a Inkscape, Illustrator ko CorelDRAW. Zanen waɗannan manhajoji lissafi ne, ba ɗigo ba, don haka ana buɗa shi daga girman tambarin kati zuwa girman allon talla bai dushe ba.

Inda waya ta riga ta kama wuri

Nan ne aka fi gane wanda ya iya. Fuskar waya ba fili ba ne fetal, akwai masu gida. A fuskar kulle agogo da kwanan wata sun kama sama, saƙonni na sauka a tsakiya, tambarin kyamara da tocila na ƙasa, wasu wayoyin kuma wurin ɗora yatsa na cikin sikirin ta ƙasa. A babbar fuska, wadda ake gani bayan an buɗe kulle, tamburan manhajoji sun cika ko'ina, kowanne da sunansa da farin rubutu ƙanana.

A kan 1080×2400, bar kashi 30 na sama, kusan fiksel 720, ya zama fili mai launi ɗaya ko kusa da haka. Bar kusan fiksel 330 na ƙasa. Jigon hoton ya zauna tsakanin nan, ya ɗan karkata ƙasa da tsakiya. Hoton Kogin Matan Fada da aka ɗauka sama ta cinye kashi ɗaya cikin uku, masunta na ƙasa, kamar don fuskar kulle aka yi shi. Hoton mutum da aka ɗauka kansa na dab da saman hoto kuwa, agogo a goshinsa zai sauka.

Amma waɗannan lambobi mafari ne. Kowane kamfani da inda yake ajiye agogonsa, har a cikin Tecno ma ba ɗaya ba ne. Dabarar da ta fi kowace ita ce ka ɗauki hoton sikirin wayar da ake wa aikin, ɗaya na fuskar kulle, ɗaya na babbar fuska, ka ɗora su a saman zanenka ka rage kaurinsu, wato opacity, zuwa kashi 40 ko 50 yadda za a riƙa hango zanen ta ƙarƙashi. Nan take za ka ga inda agogo ya taka da inda tambura suka rufe. Ka tuna ka kashe wannan hawa kafin fitarwa.

Fuskar kulle da babbar fuska bai kamata su ci hoto ɗaya ba, kodayake mutane da yawa na yin haka. Ta kulle tana ɗaukar hoto mai bayani. Babbar fuska tana son natsuwa. Hanya mai sauƙi ita ce ka kwafi na kullen, ka dusashe shi da Gaussian Blur na fiksel 30 zuwa 60, ka shimfiɗa masa baƙin hawa mai kauri kashi 20 zuwa 35. Launi ya zama ɗaya, ido ya huta, sunayen manhajoji su fito. Idan aka bar farar babbar riga ko farin gajimare a bayan farin rubutu, sai mutum ya riƙa laluben WhatsApp da tambari kawai. Ƙa'idar da masu tsara shafukan intanet ke bi ita ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, kuma tana aiki a nan ma.

Wasu wayoyin Android suna jan hoton gefe idan ana sauya shafi. Irin wannan yana son faɗi ninki biyu, 2160×2400 ga waya mai 1080×2400. Idan aka ba ta mai faɗi ɗaya sai ta buɗa shi ta datse sama da ƙasa. Ko dai ka yi mai faɗin, ko ka gaya wa mai wayar ya kashe jan hoton a saiti. iPhone kuma tun iOS 16 na 2022 tana iya sa kan jigon hoto ya ɗan hau kan agogo, abin sha'awa, amma sai jigon ya rabu da bayansa sarai kuma bai rufe agogon da yawa ba, in ba haka ba wayar ta ƙi. Daga Android 12 na 2021, wayoyi da dama na tsamo launin madannai da menu daga hoton bango, don haka launin da ya rinjayi zanenka zai bi mai wayar har cikin saiti.

A kwamfuta lamarin ya fi sauƙi. Windows na jera tambura daga hagu, sandar aiki na ƙasa mai tsawon fiksel 40 a Windows 10, 48 a Windows 11 idan ba a ƙara girman rubutu ba. Sai ka kai jigon hoto dama. Mac ta saɓa: tambura a dama, sandar menu a sama. A talabijin bar kashi 5 a kowane gefe, domin wasu na cin bakin hoto.

Ɗaukar hoton tun daga fili

Kyamarar waya mai megafiksel 12 tana ba da 4000×3000. Masu 48 da 50 ma yawanci kusan haka suke fitarwa, domin suna haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya. Wannan ya isa. A tsaye, 3000×4000 zai ba ka 1800×4000 bayan an datse shi zuwa 20:9, ya wuce abin da uwar waya ke so. A kwance zai ba ka 4000×2250, ya wuce 4K. Sai dai lura: datsewar tsaye ta ci kashi 40 na faɗi. Saboda haka ja baya kaɗan lokacin ɗauka, ka bar fili a gefe da sama fiye da yadda ido ke so.

Kowane wuri ɗauke shi sau biyu, tsaye da kwance. Fadamar shinkafa da aka ɗauka a kwance kawai, idan aka zo yanka ta don waya kashi ɗaya cikin uku na faɗinta za a samu. Bar kyamara a 4:3, kada ka sa ta a cikakken sikirin, domin wannan datsewa ce tun kafin ka ga hoton. Kada ka jawo da yatsa, ka matsa da ƙafa. A lokacin hunturu goge gilashin kyamara kafin kowane ɗauka. Ƙurar da ba ka gani ita ke sa hoto ya yi fari-fari kamar an shafa masa toka.

Idan hoton da aka kawo maka ƙarami ne, buɗawa har kashi 120 ko 130 ba ta cika nunawa ba. Fiye da haka za a gani. Manhajojin da ke ƙara wa hoto ɗigo, irin su Remini, ƙirƙirar abin da babu suke yi. A kan ruwa da ganye ba laifi, a kan fuska sukan sauya kama, tsagar fuska ta goge, rubutun jikin riga ya koma shirme. Duba da kyau kafin ka miƙa wa mai shi. Hoton da ke nuna fuskar wani kuma, nemi izininsa kafin ya shiga wayoyin jama'a. Hoton da aka tsinto a Google yana da mai shi, Unsplash da Pexels ne suka ba da nasu kyauta.

Launi da abubuwan da ke ɓata shi

Yi aiki a RGB, tsarin launin sikirin, ka fitar a nau'insa da ake kira sRGB. Masu CorelDRAW su kula sosai, domin shagon da ya saba aikin ɗab'i yawanci shafinsa a CMYK yake, wato tsarin launin tawadar bugawa. Hoton CMYK a waya yakan fito a koɗe, kore ya mutu, shuɗi ya koma wani iri, wata wayar ma ta ƙi buɗe shi. Wajen fitarwa sauya tsarin launi zuwa RGB, ka rubuta faɗi da tsawo da fiksel da hannunka.

Matsala ta biyu ita ce zobe-zobe a sararin sama. Kowane launi a hoto na yau da kullum matakai 256 gare shi. Idan ka sajar da shuɗi mai duhu zuwa wani shuɗin da bai fi mataki 30 tsakaninsu ba, a tsawon fiksel 2400, kowane mataki zai shimfiɗu fiksel 80. Ido na ganin wannan kamar matakala, musamman a hoton faɗuwar rana ko hazo, kuma sikirin mai arha na ƙara tona shi. Maganin shi ne a yayyafa ɗan tsaki: a Photoshop ko Photopea, Add Noise kashi 1 zuwa 2, Gaussian, Monochromatic. Tsakin yana farfasa bakin matakan, ido bai ganinsa. Ka yi wannan bayan ka rage hoton zuwa awonsa na ƙarshe, domin ragewa na narkar da tsakin.

Maganar baƙin hoto na tattalin batir gaskiya ce a sikirin AMOLED kaɗai, inda kowane ɗigo ke ba da haskensa, baƙi tsantsa kuma yana nufin ɗigon a kashe yake. Lambar wannan baƙi #000000. A sikirin LCD, wanda shi ne a yawancin wayoyi masu 720, fitilar baya na kunne ko hoton baƙi ne ko fari, ba abin da aka rage. Ƙari a kan haka, hoto mai duhu a LCD yana ɓacewa a ranar Kebbi ta watan Maris da Afrilu, mutum sai ya kare da tafin hannu. Ga mai yini a kasuwa ko a kan babur, launi matsakaici mai bambanci sosai ya fi.

Zane mai ƙananan layuka a jere, kamar saƙar tabarma ko ɗinkin hula, yana da nasa sharrin. Idan aka rage shi sai wasu igiyoyi su bayyana suna rawa a ido. Layin da bai kai fiksel 4 a uwar zane ba zai koma 2 a waya mai 720, ƙasa da haka ya narke. Ƙara girman zanen ya fi a yi ta gyara daga baya.

Rubutu: ƙugiya da ajami

Nau'o'in rubutu masu ado da yawa ba su da ɓ, ɗ da ƙ, balle ƴ da maƙwabtanmu na Gaya da Dosso a Nijar ke rubutawa. Ka rubuta “ƙasa” sai harafin farko ya fito akwati, ko manhaja ta aro shi daga wani nau'in ya tsaya kamar baƙo a cikin kalma. Wasu sai su cire ƙugiyar, ƙasa ta koma kasa, ma'ana ta tafi. Noto Sans, Andika, Charis SIL da Gentium duk suna da su, kuma kyauta ne. Gwada manya da ƙanana, Ɓ Ɗ Ƙ, kafin ka gina zane a kan wani nau'i.

Larabci da ajami: manhajar da ba ta san rubutun dama zuwa hagu ba takan wargaza haruffa ta jera su a juye. A tsofaffin Photoshop sai an kunna tsarin rubutu na World-Ready. Amiri da Scheherazade New suna da kyau ga Larabci. Ga mai son hannun da ya yi kama da na allo, akwai Alkalami da Harmattan, waɗanda aka yi don ajamin Afirka ta Yamma. Wasula na hawa sama da ƙasa, don haka ƙara tazara tsakanin layuka. Idan aya ce ko addu'a, kada ka buga da ka: kwafo daga ingantaccen tushe, ka ba wanda ya sani ya duba, ka tsare ta a tsakiyar da ba a datsewa. Kuma fuskar kulle ce wurinta, ba ƙarƙashin tamburan manhajoji ba.

Girman rubutu a faɗin 1080 kada ya gaza fiksel 40, a 720 kada ya gaza 28. Jimla ɗaya ta isa. Sa hannunka ko sunan shagonka ƙarami a ƙasa, sama da layin fiksel 330 ɗin nan, in ba haka ba sandar waya ta rufe shi.

Fitarwa

Daga uwa, datse zuwa siffar da ake so tukuna, sannan ka rage zuwa yawan ɗigo. Ka tabbata makullin da ke haɗa tsawo da faɗi a rufe yake, in ba haka ba fuska ta miƙe kamar an ja ƙullu. A Photoshop zaɓi Bicubic Sharper, a GIMP zaɓi LoHalo. Bayan ragewa ƙara ɗan kaifi da Unsharp Mask, radiyo 0.3 zuwa 0.5, ƙarfi kashi 50 zuwa 80. Idan farin zare ya fara bayyana a bakin abubuwa, ka wuce gona da iri.

Hoton kyamara fitar da shi JPEG a inganci 85 zuwa 90. Daga nan zuwa 100 nauyi ke ƙaruwa sosai, ido bai ga bambanci ba. Zane mai launi shimfiɗe da rubutu fitar da shi PNG, domin JPEG na barin datti a gefen haruffa, ya fi muni a jan rubutu. Kauce wa HEIC na iPhone idan za a raba wa jama'a, tsofaffin wayoyi da kwamfutoci ba sa buɗe shi.

Kada nauyin fayil ya ruɗe ka. Waya sai ta warware hoto gaba ɗaya kafin ta nuna shi, kowane fiksel na cin bayit 4. Mai 1080×2400 ya ci kusan megabayit 10, mai 4K kusan 33, mai 8000×6000 kuwa 192. Ɗora wannan na ƙarshe a waya mai RAM gigabayit 2 shi ke sa ta tsaya cak ko ta ƙi karɓa. Ba kowace waya nata awon.

Ƙaramar waya mai madannai kada ka rage mata uwar zane, komai zai dunƙule. Yi mata nata daban a 240×320: abu ɗaya babba, launi biyu ko uku, ba rubutu.

Sunan fayil ya faɗi abin da ke ciki, kamar argungu_kulle_1080x2400.jpg, ba ƙugiya ba tazara. Mai shagon caji da turi da zai raba wa mutum hamsin a rana zai gane wanda zai ba kowa ba tare da ya buɗe ba.

Turawa da ɗorawa

Aiki mai kyau yakan mutu a hanya. WhatsApp na matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, Facebook ma haka, kuma duk wanda ya adana ya sake ɗorawa an sake matsewa. Tura shi a matsayin Document, ko ta Xender, Bluetooth, kebul ko Google Drive, fayil ya isa yadda ya fita. Ɗaukar hoton sikirin daga sitatus ɗin wani shi ne mafi munin tushe.

A Windows, zaɓin Fill na cika allo ya datse abin da ya yi saura, Fit na nuna duka ya bar fili a gefe, Stretch na ja ya lalata siffa, Span na alluna biyu ne. Idan awonka daidai ne, Fill ba zai ci komai ba. Windows na sake matse hoton bango na JPEG zuwa inganci 85 da kansa, shi ya sa wani lokaci sama ke yin zobe a allo alhali fayil ɗin lafiya lau. Ba shi PNG idan hoton mai sajewar launi ne.

Gwajin ƙarshe a kan waya ta gaske ake yinsa, ba a allon da aka yi zanen ba. Nemi mai 720 mai LCD da mai 1080 mai AMOLED, ɗora a fuskar kulle da babbar fuska, ka sa wani ya turo saƙo ka ga inda zai sauka. Fita da su tsakar rana, sannan ka shiga ɗaki ka rage haske zuwa ƙasa. A duhun ne zoben sama da dattin JPEG ke fitowa, a ranar kuma za ka san ko ana iya karanta agogo.